Wayar Dalma

Wa ya jawo wannan jinin, shi da ya naɗe wayar a hannu, ko Kawu Sadiƙ da ya fizge shi? Zaharadden bai sani ba. Abin da ya sani, rawanin da ya ɗaure dantsen tsohon da shi ya riga ya jiƙe jawur.

Tun hantsi suke jan fatsa a Bahar Maliya. Jirgin na tafiya a hankali, curin dalma na rataye da wayar ƙarfe can ƙasa, gaba arba'in, yana riƙe ƙugiya a inda manyan kifi ke kwanciya. Sai dalmar ta maƙale a dutse. Zaharadden ɗan masuntan Yawuri ne, hannunsa ya riga hankalinsa. Ya naɗe wayar a tafi kamar zaren kogi. Sadiƙ, mai jirgin, ya yi tsalle ya warware shi. Wayar ta tsinke, ta tsarge dantsen tsohon, sauranta ta nannaɗe farfela. Injin ya mutu.

Gine-ginen Jidda sun koma kamar ƙwayar shinkafa. Zaharadden ya duba wayar salularsa, babu sabis. Ruwan baƙi ƙirin ne, kuma iska na tura su gaba.

Oba-oba, rediyon kira na jirgin, na rataye kusa da sitiyari. Da safe Sadiƙ ya so ya koya masa kiran masu gadin teku.

"Kawu, ni da babu iƙama, takardar zama a ƙasar nan, ni da na shigo tashar jirgi a ɓoye ƙarƙashin tamfol, in kira hukuma da bakina? Halas, bar maganar."

Yanzu leɓen Sadiƙ ya yi fari. Ya buɗe ido da ƙyar.

"Ya Zahar, kar ka taɓa abin nan. Wani jirgi zai wuce."

"Kawu, tun azahar ko tsuntsu bai wuce ba."

"To, matarka Mastura fa? Da 'yarka Luba? Su wayi gari a unguwar Kurayyat an kwashe ka?" Ya yi ƙoƙarin dariya. "Bayaure, kifi ɗaya ba ka kama min ba, sai ni ka kama."

Zaharadden ya ƙara matse rawanin. Shekara tara ke nan yana canza hanya in ya hango motar sintiri. Ya tuna Luba tana jan hularsa da asuba, tana cewa ya kawo mata kifi mai ja.

"Kawu?"

Ƙirjin tsohon na ɗagawa, amma kaɗan-kaɗan.

Ya miƙe ya ciro oba-oba. Bai san lambar ba, tunda bai tsaya ya koya ba. Ya durƙusa ya girgiza tsohon.

"Kawu, nawa ka ce ɗazu?"

"Sitta... ashar."

Ya murɗa zuwa goma sha shida, ya danna. Da muryar can ta tambayi sunan mai magana, sai ya faɗi nasa na gaskiya, har da na mahaifinsa.