Kunyar Nababa

"Kada wanda ya ɗauke ni," in ji Nababa. "Da ƙafata zan shiga."

Muna bakin ƙofar babban asibitin yankinmu ke nan, hantsi ya fara zafi. Badaru mai a-kori-kura ya riga ya sunkuya zai saɓe shi, sai ya miƙe yana dubana. Na ce ya ƙyale shi. Duk wanda ya san Nababa ya san ba a ja da shi, ko bijimin sa ya fi shi saurin sauya ra'ayi. Ya sauko a hankali, ya gyara zaman hularsa, ya dafa kafaɗata kamar mai ba ni wani labari, muka shiga.

Da kun gan shi a ranar, cewa za ku yi dubiya ya zo. Kafin mu baro gida sai da ya sa matarsa Kulu ta ɗora masa ruwan wanka, ya zura babbar rigarsa shuɗiya ta zuwa Juma'a, har da ɗan turare. Ya ce shi ba zai shiga gari kamar wanda aka tsamo daga rijiya ba. Mutumin da ya kwana uku yana amai, bai zagaya ba ko sau ɗaya, shi ne yake zancen turare. Ni ma da ban fi shi hankali ba, ni na karya masa hular.

Ni sunana Kallamu. Danga ɗaya ce tsakanin gidana da na Nababa, gonakinmu ma gamba ce kawai ta raba su. Kakana daga Barno ya zo, saboda haka shekara sittin Nababa yana kirana baƙo, alhali unguwarzoma ɗaya ce ta yanke mana cibi.

A bayanmu, da 'yar tazara, Safiyatu ce take tafe da jakar kaya. Matar ɗansa Iliyasu ce, shi kuwa Iliyasu yana Legas wajen neman abinci. Ita ce kuma malamar asibitin sha-ka-tafi na ƙauyenmu, ita kaɗai. A da su uku ne a wurin. Malam Hadi ya yi ritaya, ɗayan aka mai da shi birni, ba a sake turo kowa ba. Shekarun nan ne da man fetur ya gagari talaka, mota ta ƙaurace wa hanyarmu, likitoci kuma suna ta ficewa daga ƙasar. Ciwo kowane iri ne, in ba ka da ƙarfin zuwa gari, to, gaban Safiyatu za ka.

Nan matsalar take. Nababa gwaiwa gare shi, irin wadda hanji ke saukowa ƙasa. Shekara bakwai yana fama, daga ni sai Kulu muka sani. In ta sauko yana aiki, sai ya kwanta gindin ɗorawa ya lallaɓa ta ta koma, ni kuma in tsaya daga nesa ina gadi kada wani ya ɓullo. Ya yi niyyar nuna wa Malam Hadi, yana ta cewa bari a gama kaka, bari a gama kaka, har Malam Hadi ya tafi. Aka bar shi da matar ɗansa, wadda ko sunansa ba ta kamawa, wadda in sun yi kaciɓis a hanya sai ta ratse ta durƙusa, shi kuma ya kau da kai ya wuce. Ina zai kwance mata wando? Ya ce da ni duk ranar da na buɗe baki na gaya wa wani, bai yafe mini ba duniya da lahira. Na yi dariya a lokacin, na ce wa zai ɓata yawunsa kan kayan tsoho.

Kwana uku kafin wannan rana ruwan sama ya kayar da wani reshe a kan dangarsa. Ya ɗaga shi shi kaɗai, abin ya sauko, ya ƙi komawa. Mun yi gashi da ruwan zafi, mun sayo ƙwayoyi a kemis, babu sauƙi. Ga Safiyatu kuwa ciwon ciki kawai aka ce mata. Ita ce ta tubure ta ce yau sai gari.

A ɗakin agajin gaggawa ko wurin sa ƙafa babu. Ƙarshen damina ne, zazzaɓi ya kwantar da yara, uwaye sun cika bencina, sun cika ƙasa, wasu har baranda. Wata yarinya nas tana zaune a tebur, idonta ya faɗa don gajiya. Ta dubi Nababa daga hula har takalmi, ta tambaye shi abin da ke damunsa. Ya ce ciki ne. Ta ce wane wuri a cikin? Ya waiga, ya ga Safiyatu tsaye a bayanmu.

"Ciki dai, 'yata," ya ce.

Ta rubuta a kati, ta ɗora bisa tulin katunan da ke gabanta, ta ce mu sami wuri mu zauna. Ban ga laifinta ba, har gobe. Likita ɗaya ne a asibitin gaba ɗaya, tun jiya bai je gida ba. A irin wannan wuri ba a rubuta doka a bango ba, amma kowa ya san ta: wanda aka shigo da shi ranga-ranga shi ake fara gani, wanda ya tako da ƙafarsa ya jira. Mu kuwa mun tako, har da ƙamshi.

Wata mata ta matsa mana a ƙarshen benci. Safiyatu ta je ta yi magana da nas ɗin da yarensu na ma'aikata, ta dawo, ta durƙusa ta gefena, nesa da shi. Ba ta dube shi ba. Ni ta yi wa magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba Kallamu, don Allah a tambayar mini Baba. Akwai wani kumburi a wani wuri? Ko a ƙasa ne. In akwai, yanzu zan shigar da shi."

Ban buƙaci tambayarsa ba. Ina zaune, cinyata tana gogar tasa. Sai na ji hannunsa ya fito ta ƙarƙashin babbar riga ya damƙi wuyan hannuna. Hannun sanyi ƙalau, amma riƙon na manomi ne. Idonsa yana kan bango.

"Babu," na ce.

Ta sake cewa, "An tabbata?"

"Na ce miki babu. Da akwai ai da na sani."

Ta ce to, ta tashi. Wannan kalma ita ce mafi muni da ta taɓa fita daga bakina, kuma na faɗe ta cikin sauƙi kamar mai amsa gaisuwa. Nababa ya sake ni, ya ce ashe baƙo ma yana da amana. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, har wani daɗi na ji.

Muka zauna. Rana ta hau, kwanon rufin ya ɗau zafi, fankar sama tana tsaye cik don babu wuta. Ana kiran suna, ana shiga, ana fitowa. Duk lokacin da tulin katunan ya yi ƙasa, sai a shigo da wani yaro yana shure-shure idonsa ya kafe, a ɗora katinsa a sama. Wa zai ce a'a? Safiyatu ta kasa zama, har ta shiga taya su nemo jijiyar yara, ko hakan zai sa a dube mu da wuri. Sau biyu tana zuwa ta tsaya daga nesa ta ƙare masa kallo ta wutsiyar ido. Shi kuma da ya hango ta sai ya ƙara miƙe baya.

Wajen azahar nas ta ce saura mutum biyu a gabanmu. Ba ta rufe baki ba sai ga ihu a ƙofa. Motar 'yan kasuwa ce ta kife a hanya da mutane da awaki. Aka dinga shigo da su jina-jina, ana shimfiɗewa a ƙasa. Likita ya fito da gudu, ban ga fuskarsa sosai ba, sai bayan rigarsa. Daga nan aka daina kiran suna.

Nababa ya shafi bango ya yi taimama, ya yi sallarsa a zaune. Da ya idar na raɗa masa cewa mu faɗa kawai, ni zan ja likita gefe, babu wanda zai ji. Ya ce ina likitan? Ya ce duk abin da za a gaya wa likita ta hannun nas zai bi, ga kuma matar Iliyasu tsaye kusa da ita. Na ce to in kora ta waje mana. Ya ce in an gama ai sai ta karanta a kati. Gumi yana bin gemunsa, ya tambaye ni ko na ga yadda gerona ya yi baya a bana. Ya ce rago ne ni tun muna yara. Na ji haushi ƙwarai, na ce masa taurin kansa ne zai kashe shi. Ya ce ai gara shi da kunya.

La'asar ta kusa sa'ad da ya yunƙura zai yi magana, sai amai. Ba irin na kwanakin baya ba ne. Wani abu ne baƙi-baƙi mai warin da ban son kwatantawa, ya wanke gaban rigar nan shuɗiya. Matan da ke kusa suka janye yaransu. Hular ta faɗi, ya sulale ta jikina, idonsa rabi a buɗe. Na kira sunansa, bai amsa ba.

Ban san sa'ad da na ɗaga murya ba. A gaban mata, a gaban yara, a gaban duk wanda ke ɗakin na ce gwaiwa ce, shekara bakwai, kwana uku ke nan ta ƙi komawa. Abin da na kasa raɗawa da safe, shi na yi shela da yamma.

Safiyatu ta iso. Ba ta dube ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce da Badaru ya kwantar da shi a ƙasa, ta cire mayafinta ta ba wasu mata biyu su kare. Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ka yafe mini," ta ce, ta ɗage rigar.

Na kau da kai. Abin da na ji kawai shi ne numfashin da ta ja. Ta tashi ta kutsa cikin masu hatsarin nan, ta dawo riƙe da hannun rigar likita. Saurayi ne ashe, bai fi sa'ar Iliyasu ba, idonsa jajir, rigarsa duk jinin mutane. Ya duba, ya danna cikin, ya tambayi tun yaushe muke nan. Aka ce tun hantsi. Ya dafe goshi. Ya ce hanjin ya shaƙe, mai yiwuwa ya riga ya ruɓe, tiyata ce kawai. Da safe da ya yi, don mai sa barcin tiyata yana nan har azahar, amma ya bi motar asibiti ɗaya tilo zuwa Kano da waɗanda suka fi jin rauni. Bai yi faɗa ba, ƙarfin faɗan ma babu. Ya sa masa ƙarin ruwa, ya rubuta takarda, ya ce mu kama hanyar Kano yanzu, kada mu tsaya ko'ina.

Wannan karon ɗaukarsa aka yi. Muka shimfiɗa shi a bayan a-kori-kura bisa tabarma, kansa a cinyata. Babu inda za a rataya ledar ruwan, sai Safiyatu ta tsugunna ta jingina da ƙarfen motar, ta ɗaga ta sama da hannu ɗaya, ta juya mana ƙeya. Badaru yana ta kauce wa ramuka, yana faɗawa wasu. Gero hagu da dama ya fitar da kai, mutane suna ta komawa gida daga gona da fartanya a kafaɗa.

Iskar hanya ce ta farfaɗo da shi, ina jin. Ya buɗe ido, ya lalubi gefen rigarsa ya ja ta ƙasa ya rufe gwiwa. Leɓensa yana motsi, na sunkuya.

"Kallamu. Ta gani?"

"Ba ta gani ba," na ce. "Likita ne ya duba. Ita tana waje."

"Ba ka faɗa ba?"

"Ban faɗa ba."

"To, alhamdu lillahi," ya ce.

Na san Safiyatu ta ji, don tsakaninmu bai fi kamu biyu ba. Ba ta motsa ba. Na shiga laƙƙana masa kalmar shahada, yana bina a hankali, har ya zama ni kaɗai nake faɗa. Kansa ya yi nauyi a cinyata. Na shafe masa ido, na buga rufin motar, Badaru ya gangara gefen titi ya kashe inji.

Shiru ya sauka, sai kukan tsuntsaye a cikin gero. Na juya zan gaya mata. Ita kuwa ta riga ta ga ɗigon ruwan ya tsaya. Tana nan tsugunne, fuskarta wajen gonaki, hannunta a sama riƙe da ledar, ba ta sauke shi ba.