Almakashin da ke cikin hoton

Tun da jaridar gari ta iso ranar Litinin, Lubbert bai sake cin abincin kirki ba, saboda wani hoto da ya gani a ciki. Hukumar garinsu, can gabashin Holan, ta shirya bikin cika shekara tamanin da korar sojojin Jamus. Sai ta buga tsofaffin hotuna manya-manya, ta kafa kowanne a daidai inda aka ɗauke shi, don masu wucewa su gwada da yadda wurin yake yau. Masu zaɓen hotunan 'yan bana-bakwai ne. Tankar yaƙin sojojin Kanada da suka 'yanto garin suka gani a tsakiya, da 'yan mata suna watsa furanni, ba su kula da gefen dama ba.

A gefen nan, ƙofar gidan burodi, an zaunar da wata mata a kujera, an kwashe mata rabin gashi, wai ta yi soyayya da sojan Jamus. Aaltje ke nan. Mai riƙe da almakashin ɗan shekara sha biyar ne, kunnuwa fato-fato kamar mariƙin tukunya, yana washe baki. Shekara tamanin ta cinye wa Lubbert haƙora da gashi da ƙafafu, amma don mugunta ta bar masa kunnuwan.

Geesje kuwa, 'yar da Aaltje ta haifa a ƙarshen shekarar da aka ɗauki hoton, ita ce maƙwabciyarsa. Shekara talatin, duk Laraba sai ta shigo masa da miyar wake. Tun da matarsa ta rasu, in ba ita ba babu mai buga masa ƙofa. In ta gane shi, ya san ƙofar ta rufe ke nan.

Ranar biki ta shigo da safe. "Kawu, sa hularka mu tafi."

"Yau ƙirjina ba daɗi."

"Kai dai! Tun da na san ka kake mutuwa ran Asabar, ka tashi ran Lahadi. Hau keke."

Ya janyo hular ulu har ta rufe kunnuwan, alhali rana ta fito sosai. Geesje ta tura keken guragun. Ya ce su bi ta bayan coci, ta ce an tone hanyar. Ya ce yana jin ƙishi, ta miƙo masa gora.

Dandali ya cika da tutoci da masu busa. Gidan burodin ya zama shagon wayoyi, gaba duk gilashi, ga hoton an kafa a bakinsa. Geesje ta wuce hotuna uku ko waiwaye babu. A na huɗu ta tsaya, ta taka birki.

"Ka ga uwata?"

"Idona ya mutu, Geesje."

"Idon da ke karanta jarida ba tabarau?"

Ta cire masa hular a hankali, ta ɗora masa a cinya. Iska ta taɓa kunnuwan, ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa.

"Ina shekara goma ta nuna mini kai a coci," in ji ta. "Ta ce hannunka rawa yake, shi ya sa ka yanke ta a ƙeya. Da tabon aka binne ta."

Ya tambaye ta. "To, miyar fa?"

"Miya daban. Tsoho ne kai, ba ka da kowa. Amma duk ranar da na ajiye kwanon, sai in ɗan tsaya a bakin ƙofa, ko za ka faɗa da bakinka. Kai kuma ka ce mini, 'Jakarki na kan kujera.'"

Ta zauna a bencin da ke gefensa, ta jingine jakar a ƙafarta. "Yau ba inda za ni, Kawu."

Masu busa suka zo suka wuce. Lubbert ya ɗaga kai ya dubi matar da ke kan kujera a hoton. Ya kira sunanta, sunan da rabonsa da furtawa shekara tamanin.