Wayar da Aka Yi Ciko da Ita

Naja'atu ta juya wayar da Bashar mai shago ya miƙo mata, ta duba sama da ƙasa, ta ce, "To ina wurin komawa baya?"

"Babu shi. Gefe za ki shafa da yatsa, haka," in ji Bashar, yana murmushin wanda ya samu baƙauya. "Duniya ta wuce maɓalli yanzu. Dubi huskatta, tas, ba tarkace."

"Ka ba tsohuwa a Jiga Makera wagga waya ka gani. In ta shiga wuri sai dai a zo a hiddo ta. Sun gina ɗaki ba ƙohwa, kai ko kana yabon fenti."

Ba waya ta kawo su Jega ba. Kwamfuta suka zo saya tun daga Aliero, ita da mahaifinta Malam Maiwada. Amma Naja'atu ba ta iya ganin waya ta wuce ba ta tanka ba. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, kuma aikin kammalawarta manhaja ce ta manoman albasa, wadda ko wanda bai taka makarantar boko ba zai danna ya ji farashin kasuwa da kunnensa. Tun da ta fara aikin nan ba wanda ya huta a gidan. Ko ƙanenta ya ɗauki waya zai kira abokinsa, sai ta tsare shi da tambayar me ya sa ya danna nan bai danna can ba.

Malam Maiwada bai sa musu baki ba. Kwamfutoci biyu Bashar ya fito da su kan tebur, shi kuwa yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana jinjinawa yadda yake yi wa albasa. Baƙar mai kauri ita ta kwanta masa a rai.

"Wagga ta hi ƙwari," ya ce. "Waccan siririyar ko iska na iya ɗauke ta."

Bashar ya yi dariya, ya ce ai a kwamfuta nauyi alamar tsufa ce. Siririyar ita ce mai ƙarfin ɗaukar irin aikin Naja'atu. Baƙar za ta yi, amma da nishi. Da ya faɗi kuɗin siririyar, Malam Maiwada ya ajiye ta a hankali ya ce, "Allah shi ba mai rabo."

"Baƙar ma ta isa, Baba," in ji Naja'atu. Bakinta ne ya faɗa, idonta kuwa yana kan ɗayar, kuma mahaifin ya gani.

Ana haka wayar Malam Maiwada ta yi ƙara, ya zaro ta ya amsa wani dillalin albasa. Idon Bashar ya bi ta. Babbar waya ce mai kyau, wadda ya saya shekarar da albasa ta yi daraja, ba ko ƙwarzane a jikinta.

"Baba, in gani mana," Bashar ya miƙa hannu.

"Gane ta daga nan. Wagga ba ta barin hannuna."

Naja'atu ta san dalili. Bara, da ciwon Inna, mahaifiyarta, ya yi tsanani, danginta suka ɗauke ta zuwa Maiyama jinya, shi kuma ana tsakiyar cirar albasa, ba kullum yake samun zuwa ba. Sai Inna ta riƙa aiko masa da saƙon murya ta wayar ƙanwarta Zaituna. Ba wata magana ce babba ba: ko akuya ta haihu, ko yara sun ci abinci, tsiyar da take yi masa kan tsohuwar hularsa, sai addu'a a ƙarshe. Daga Maiyama ba ta dawo ba. Tun ranar, kowace safiya in ya dawo daga masallaci sai ya zauna a zaure ya kara wayar a kunne. Bai iya karanta ko harafi ɗaya na abin da ke fuskarta ba, amma babban yatsansa ya san hanya: koriyar alama, hoto na sama, 'yar kibiyar nan. Abin da ya rage na muryar Inna a duniya ke nan.

"Ke," ya ce, ba tare da ya dube ta ba. "Tahi ki sawo ma ƙannenki rake. Ki zaɓi mai kyau, kada ki yi gaggawa."

'Yar fari ce, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, kuma bai taɓa yi mata wani alheri a gaban idonta ba. Ko takalmin salla, sai dai ta farka ta tarar da shi a bakin ƙofa, in ta yi godiya ya ce bai san zancen ba. Da ya aike ta, ta ɗauka so yake ya taya baƙar kwamfutar ba tare da ta ga yana roƙon ragi ba. Ta tafi, har ta tsaya gardama da mai rake kan wanda ya fi zaƙi.

Da ta dawo ta tarar da shi a bakin shagon, zaune kan benci, jaka a cinyarsa, yana kallon masu babur kamar bai san da ita ba. Ya tura mata jakar.

"Ga kayanki. Mai shagon ya ce wai ita ta hi."

Ta zuge jakar. Siririyar ce. Ta durƙusa tana godiya, shi kuwa yana ta kawar da kai yana cewa ta tashi mutane na kallo. A durƙushen ne ta ga aljihun gaban rigarsa. 'Yar ƙaramar waya ce a ciki, irin mai tocila, sabuwa.

"Baba, ina wayarka?"

"Na yi ciko da ita."

"Ciko?"

"Awo. Kwantad da hankalinki, ba ni da wauta." Ya sa hannu a aljihun gefe, ya fito da wata 'yar takarda a naɗe, ya warware ta da kulawa. Layinsa ne, ɗan ƙaramin katin nan. "Na hidda shi tun kahin in ba shi. Innarku na nan ciki. In mun kai gida ki sa man shi ga ƙaramar."

Raken ya zame daga hannunta ya faɗi ƙasa. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta ji ba tun ranar da aka kira daga Maiyama. A tsohuwar wayarsa ta da, duk sunayen mutanensa a layi suke, ya canza waya sau nawa yana tarar da su. A saninsa, waya ƙwanso ce kawai, komai na mutum a layi yake zama. Ita da ta yi wata da watanni tana tambayar manoman gari yadda suke fahimtar waya, ba ta taɓa tambayar wanda suke kwana gida ɗaya ba.

Ta faɗa shagon. Wayar na kan tebur, Bashar yana goge bayanta da tsumma.

"Kada ka taɓa komai cikinta, don Allah."

"Ai na riga na wanke ta," ya ce. "Ba ni aje wayar mutum da sirrinai ciki."

Ta fizge ta. Fuskar wayar fara fat, da gaisuwar maraba cikin Turanci, tana tambayar wane harshe sabon mai ita yake so. Naja'atu ta danna nan ta danna can, alhali ta fi kowa sanin ba abin da za ta tarar.

"Ba ka tambaye shi ba?"

"Wallahi na tambaye shi. Nac ce, Baba, ka kwashe abubuwanka? Yac ce dut ya kwashe, har ya gwada man layin. Ita ma wayar ta tambaya, sai da ya sa yatsa nai da kanai sannan ta yarda." Bashar ya dubi fuskarta, murmushin ya gudu. "Mi ac ciki?"

Ta gaya masa. Ya zauna kan kujerarsa, ya ɗora hannu a ka, yana salati a hankali. Ya tambaya ko an taɓa adana saƙonnin a wani wuri. Ba a taɓa ba. Wanda ya buɗe wa Malam wayar tun farko ya tsallake wannan tambayar, ita ma da Turanci ta zo. Naja'atu ta kira Maiyama nan take.

"Anti Zaituna, wayar da Inna ke aiko saƙo da ita, tana hannunki?"

"Wacce? Ai tun damina ta hwaɗa rijiya. Lahiya dai?"

"Lahiya lau," in ji Naja'atu, ta kashe.

Ta ɗan tsaya a bakin ƙofa tana kallon bayan mahaifinta. Ya tsince raken ya kakkaɓe shi, ya jingine a gefen benci. Ta yi tunanin ta yi shiru har gida, ta ce ƙaramar waya ba ta iya buɗe murya, ta ja shi da gobe da jibi. Amma gobe da asuba zai zauna a zaure yana jira, kuma ita ce za ta dubi idonsa. Ta je ta durƙusa a gabansa ta faɗa masa, kalma bayan kalma, yadda za a gane.

Ya saurara har ta gama. Ya dubi ɗan katin da ke tafin hannunsa.

"To mi ac cikin wanga?"

"Lambarka kawai, Baba."

"Lambata." Ya juya shi ya dubi bayansa. "Ita ba ta ciki."

"Ba ta ciki."

Ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar jana'iza. Leɓensa ya motsa, ya yi innalillahi ba sauti. Bashar ya fito da wayar a hannu biyu, ya ce a warware cinikin, Baba ya karɓi abinsa, kwamfutar ma a tafi da ita a biya duk lokacin da aka samu.

"An yi ciniki, an sallama," in ji Malam Maiwada. "Ba laihinka ba na, yaro. Ka tambaye ni." Ya naɗe layin a takardarsa kamar yadda yake, ya mayar aljihu, ya miƙe.

A motar Aliero suka samu kujerar baya. Naja'atu ta rungume jakar, tana jin da ma baƙar ce, da ma ba su zo ba. Sun bar Jega, gonaki sun fara wucewa, sai ta ji yana magana ƙasa-ƙasa, fuskarsa a taga. Ta ɗauka tasbihi yake. Da ta kasa kunne sai ta ji maganar Inna ce yake bi, tun daga saƙon farko, da gaisuwar, da inda take tsayawa ta yi tari.

"Malam, ina kwana, yaya gida. Ka ce ma yara su bar ba akuyar nan dussa da yawa. Jiki da sauƙi, kada ka damu. In za ka zo ran Juma'a ka taho man da..."

Ya tsaya. Ya koma baya ya sake farowa, ya zo daidai wurin ya sake tsayawa. Babban yatsansa yana motsi a kan gwiwarsa.

"Naja'atu," ya ce. "Da mi tac ce in taho mata?"

Ba ta sani ba. Duk safiyar da ya kunna muryar, tashi take yi ta shige can cikin gida, don ba ta iya jurewa. Kullum tana cewa wata rana, in zuciyarta ta yi ƙarfi, za ta zauna ta ji su duka.

"Ka sake farowa, Baba," ta ce. "A hankali. Ina jinka."