Gaisuwar Kwalabe

Kwalabe goma sha biyu ne jere a kan kanta, kowacce da ruwa mai launin ƙwaiduwa, kuma duk ɗakin binciken babu abin da ya kai su ɗaukar hankalin tsoho mai shara. 'Yarsa, ɗalibar Farfesa, ita ta samo masa aikin. Ita ce kuma ta gaya masa cewa a ruwan akwai halittun da ido ba ya gani, daga lakar teku aka ɗebo su, suna yin mai irin na kifi da ake kira omega.

"To wa ke ba su iska, Uwata?"

"Ba sa buƙata, Baba. Kai dai ka ji da ƙasa."

Bai yarda ba. Mai rai, a toshe masa baki? Kullum kafin kowa ya iso sai ya jingine tsintsiya, ya buɗe marfi ɗaya bayan ɗaya, ya kai bakinsa kusa. "Kun tashi lafiya, bayin Allah?" Ya ɗan hura musu, ya rufe.

Ranar da na'ura ta gama karanta rubutun gadon halittun, wanda ke nuna asalinsu, tsohon yana goge taga Farfesa ya shigo da takardu.

"Aikin shekara biyu!" in ji Farfesa, yana duban 'yar. "Rabin abin da na'ura ta karanto ba na teku ba ne, ƙwayoyin bakin mutum ne. Ke kaɗai ke taɓa kwalaben nan. Hira kike yi da su? In haka hannunki yake, digirin nan sai dai ki gan shi a bangon wasu."

Ta dubi mahaifinta sau ɗaya, ta sunkuyar da kai. "Sakacina ne, ranka ya daɗe."

Tsumman hannunsa ya yi masa nauyi. Ya ji kamar ƙasar da yake sharewa ta tsage ya shige.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "bakin nawa ne. Gaishe su nake yi."

Farfesa ya cire tabarau, ya daɗe yana kallonsa. "Suna amsawa, Baba?"

"Ban taɓa ji ba."

"Ai ga amsar nan, shafi arba'in." Ya juya ga 'yar. "Ki sake daga farko. Mabuɗin ɗakin nan kuma ya zauna a jakarki."

Tsohon aka sa ya zubar da kwalaben. Ya ɗaure bakinsa da ƙyalle, ya tuttule su ɗaya bayan ɗaya, bai yi wa ko ɗaya sallama ba.