Hoton Arba'in ɗin Baba

Tun bayan jana'iza Gwaggo Nagat, yayar Baba da ke Kuwait, take yaɗa wa dangi cewa Umma ba ta yi wa ƙanenta makoki ba. Wai an gan ta da ɗankwali mai fure kafin sati ya cika. Ƙarya ce, amma ta hana Umma sukuni. Ranar arba'in Umma ta tara mata goma sha huɗu, kowacce baƙi daga kai har ƙafa, ta ce a yi hoto a tura, Gwaggo ta gani da idonta.

Midhat, ɗan ƙanwar Umma, shi ya zo daga Alkahira da jaka a kafaɗa. Shekara biyu a birni, har wake da gurasa ya fara ci da cokali.

"Inna, ajiye wayar nan," ya ce. "Ko mai jaki yana hoto da waya. Ni hasken da ido ba ya gani nake kamawa."

"To wanda ido ke gani fa, ɗana?"

Ya fitar da mu ƙarƙashin dabino da tsakar rana, wai aikinsa sai rana ta take. Ya kafa kyamara a kan ƙafa uku, ya murɗa mata wani gilashi baƙi ƙirin a baki.

"Yaro, cire murfin tukuna," in ji Umm Hani, tsohuwar maƙwabciyarmu.

"Hajiya, ki dai tsaya kada ki motsa."

Wayar Umma tana hannuna. Na so in ɗauki ko guda ɗaya, ya harare ni, na mayar da ita aljihu. Muka sha rana, ya naɗe kayansa, ya ce sai ya gyara za mu gani.

Washegari ya tura wa dangi duka hoton, bai fara nuna wa kowa ba. Ganyen dabino fari kamar auduga, sama baƙa. Rigunanmu kuwa fari fat. Fuskar Umma sumul, kamar amaryar da aka shafe da hoda.

Kafin la'asar Gwaggo ta kira Umma.

"Sabriyya, barka da biki. Wane ne angon?"

Tana gama faɗa ta kashe wayar.

Midhat ya zo yana juya makullin mota a yatsa. "Laifin rini ne, Inna. Baƙin kasuwa haka yake fitowa a wannan haske. Duk mai ilimi ya sani."

"Da ka sani, me ya rufe maka baki jiya?"

"Amma ki dubi sararin nan. Abokaina sun ce ban taɓa yin kamarsa ba."

Nan take na ɗauki Umma da waya, baƙinta baƙi, na tura. Gwaggo ta ce yanzu ne aka tuna da akwatin kayan makoki. Arba'in kuwa ba a yin ta sau biyu.

Shekara ta cika, matan layinmu suka cire baƙi. Umma ba ta cire ba, Gwaggo kuma ba ta sake kira ba.