Hotuna Don Miran

Miran ce ta shirya tafiyar, kamar yadda 'ya'yan kirki ke yi idan uba ya cika saba'in: ta sayi tikitin jirgi zuwa tsibirin Jeju, ta kama musu ɗaki, ta ɗauko direban da zai zaga da su. Sharaɗinta ɗaya, duk inda suka tsaya su ɗauki hoto su tura mata. Gilja, uwar Miran, ta karɓa ta yi godiya, ta nuna wa maƙwabta, alhali ta san abin da ke ƙasa. Jemin, mijin Miran, yaro ne da magana ba ta kwana a cikinsa. Ya ja Gilja gefe ya gaya mata za a yi wa Miran tiyata a cire mata ƙari a ciki, ranar da suke tsibirin, kuma don haka aka kore su daga gari. Ya roƙe ta kada Baba ya ji, saboda zuciyarsa.

Sun sauka ke nan guguwa ta biyo bayansu. Kafin gari ya waye an rufe filin jirgi, jiragen ruwa ma an ɗaure su. Direba ya zo da safe yana sosa ƙeya, ya ce in shi ne, yau bargo zai ja.

"Ba kai ba ne ai," in ji Gilja. "Ta da mota."

Doksu, mijinta, ya bi ta da kallo. Matar da ko yayyafi aka yi sai ta fasa zuwa kasuwa!

"Maman Miran, kin sha wani abu ne da safen nan?"

"Na sha maganarka. Sa rigar leda mu tafi."

Haka suka yi ta yawo a tsibirin da kowa ya kulle ƙofarsa. Gonakin lemu duk sun kwanta gefe guda. Dawakai sun haɗa kai a bayan katangun baƙin dutse, sun ba iska baya. A bakin ruwan da mata masu nutso ke fita kamun kifi babu ko mutum ɗaya, sai kwandunansu da aka danne da duwatsu. Duk inda direba ya tsaya, Gilja ta fito ta gyara tsayuwa, ta jawo Doksu kusa, ta buɗe haƙora. Da an ɗauka sai fuskar ta koma yadda take, ta tura hoton, ta shige mota.

Doksu kuwa bai bar mita ba. Takalminsa ya jiƙe. Miyar kifin da suka ci da rana gishiri ya yi mata yawa. Mutum-mutumin dutsen da aka sa shi ya dafa ya ce ya fi surukinsu fara'a. Gilja ta bar shi yana yi, don mitar tasa ma ta yi mata amfani: mai mita bai san komai ba. Ita dai hannunta na cikin aljihu a kan waya, kuma tsoro take ji irin wanda ba ta taɓa ji ba, ko ranar da ta haifi yarinyar.

Da la'asar suka iso gindin wani babban dutse da ake hawa kallon fitowar rana. An ɗaure hanyar hawa da igiya. Teku na dukan gaɓa, ruwan gishiri na watsuwa har kan mota. Direba ya ce daga nan sai gida, shi yana da iyali.

Gilja ta tsaya gaban igiyar ta yi ƙoƙarin murmushi, bakin ya ƙi. Tun hantsi aka shiga da Miran ɗakin tiyata, har yanzu Jemin bai kira ba. Ta sake gwadawa.

Doksu ya share mata ruwan fuska da tafin hannu, abin da bai saba yi a gaban mutane ba.

"Ki yi da kyau mana," ya ce, ba tare da ya dube ta ba. "In ta farfaɗo, wannan za ta fara gani."

Gilja ta dube shi.

"Wa ya gaya maka?"

"Wannan sakaran yaron. Wai kada ki ji, saboda hawan jininki."

"Ni ce mini ya yi saboda zuciyarka."

"Ɗan banza," in ji Doksu. "Malam direba, ɗauka."

Direba ya ɗauka. Suka koma rumfar wata mai sayar da lemu da ta rufe, suka tsuguna, Gilja ta tura hoton. A wayarsu, saƙon da ba a buɗe ba 'yar lamba ɗaya ke tsayawa a gefensa, sai an buɗe take ɓacewa. Suka haɗa kai suna kallon lambar. Direba ya yi hon, ba wanda ya waiga. Ya sake yi, sannan ya kashe mota ya kunna taba.

Doksu ya zauna dirshan a kan jiƙaƙƙen siminti. Kwanon rumfar na ta ƙara a kansu.

Sai lambar ta ɓace.

"Ƙila mijin ne ya buɗe," in ji Doksu.

Can sai ga rubutu ya shigo, haruffan a karkace, wasu ma sun ɓace, irin na wanda hannunsa bai gama dawowa ba: Umma gashinki kamar kazar da ta faɗa rijiya.

"Ka ji mara kunya," Gilja ta ce. Ta miƙa masa wayar, ta kifa fuska a kan gwiwarta, ta saki kukan da ta riƙe tun daga gida.