Zaren Ƙeyar Bijimi

Ina cikin cin taco na tsakar rana, na zare haƙoran robar nan masu fiƙa na ajiye a gefen faranti, sai ga Don Anselmo darakta ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Fim na huɗu ke nan nake yi masa, bai taɓa zama inda nake ba. Nan take na san da magana.

"Evaristo, shekara nawa ke nan da Bijimi ya raba ka da takunkuminka?"

"Goma sha ɗaya."

"Kai ka taɓa ganin fuskarsa?"

"Wa ya taɓa gani, maigida?"

Bijimin Tagulla shi ne jarumin fim ɗin, kuma a fagen kokawa duk birnin Mexico babu na biyunsa. Takunkuminsa ja ne, ya rufe kai gaba ɗaya, ana ɗaure shi da zare a ƙeya. Da shi yake zuwa aiki, da shi yake cin abinci ta 'yar kafar baki. Ni ma da ina da nawa, ana ce mini Kunamar Jalisco. Ni da shi muka yi karawar wanda ya faɗi ya cire takunkumi, na faɗi. Na kwance da hannuna a gaban mutum dubu goma, aka karanta sunana da unguwarmu a lasifika. Wanda ya rasa kuwa ba ya sake sawa har ya mutu. Abin da ya rage shi ne wani Evaristo mai ƙaton hanci, wanda ake shafa wa farar hoda ya fito daga akwatin gawa yana neman wuyan 'yan mata. Ban taɓa yafe wa Bijimi ba, kuma ba na ɓoyewa.

Don Anselmo ya rage murya. "Takunkumin da zai sa anjima, na bi zarensa da reza. Wuri uku. Idan ya ɗaga ka sama, ka zura yatsa a ƙeya ka ja. Sau ɗaya ya isa."

"Zai kashe ka."

"A kan me? Zare ne ya tsinke, tsautsayi. Ga 'yan jarida biyu can na gayyato da kyamarorinsu. Fim ɗin da aka ga fuskar Bijimi, har Guatemala sai an yi layi." Ya dafa kafaɗata. "Ko kai kaɗai aka haifa don a kalli fuskarka?"

Ban ce masa to ba. Amma ban ce a'a ba, na mayar da haƙorana na tashi.

Ƙarfe biyu aka kira mu. An haɗa kabarin sarkin masu shan jini da kwali da fenti, an saki hayaƙi, fitilu suna gasa mu. Duwatsun kwali ne, amma ƙasa siminti ce ta gaske. Katifar da zan faɗa a kai tana gefe, taku huɗu daga inda zai ɗaga ni, inda kyamara ba ta kamawa. 'Yan jaridar suka tsugunna daidai bayan darakta.

Bijimi ya fito daga ɗakinsa, ya yi alamar gicciye, ya miƙo mini hannu kamar kullum.

"Gawa, yau ka yi kyau."

"Kai ma da za ka nuna mana fuskarka sai mu gwada."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Aka ce a fara. Na ture murfin akwatin, na buɗe baƙar alkyabbata, ya diro daga matakala muka sarƙe. Mu 'yan kokawa a cikin riƙo muke magana, baki a kunne, ba mai ji.

"Gwiwar nan taka fa?" ya ce.

"Tana nan."

"To juya hagu, in kama ɗayar."

Na juya. Raina ya ƙara ɓaci, don ba kirkinsa nake nema ba a ranar. Na shaƙe shi, ya kuɓuce, na kai masa cizo a wuya, ya maka ni da bangon kwali har ya girgiza. Duk lokacin da ya ba ni baya sai idona ya sauka a kan zaren. Ina ganin wuraren uku, sun yi fari-fari, sun sirance. Gumi ya narkar da hodar fuskata tana shiga idona.

"Shirya," ya ce.

Hannu ɗaya a ƙirjina, ɗaya a cinyata, sai ga ni a sama, kwance bisa tafukansa, kilo ɗari da biyar. Na ga Don Anselmo ya miƙe daga kujera. Na ga 'yan jaridar sun kai kyamara ido. Hannuna na dama yana reto daidai ƙeyar Bijimi.

Na zura yatsa. Na ja.

Da zan iya cewa hannuna ne ya zame, da na faɗa. Ni na ja, da sanina. Zaren ya ce ɗas, ɗas, na ukun ma bai jira ba. Takunkumin ya buɗe ta baya, na ga fatar kai mai sanƙo, jiƙe da gumi. Ya fara zamowa gaba.

Na ji jikinsa ya ƙage a ƙarƙashina. Sai a lokacin na tuna da simintin. Hannu biyu gare shi, duka suna riƙe da ni. In ya saki ɗaya ya tare fuskarsa, da ka zan sauka, kuma na san mutum biyu da suka sauka haka, ɗaya har yau a kujera ake tura shi. Kowa a matsayinsa zai saki. Ni da zan saki.

Yatsunsa suka ƙara nutsewa a ƙirjina.

"Kada ka motsa," ya ce. "Ban ga katifar ba. Ina take?"

Kafofin idon sun riga sun sauko kan kumatunsa.

"Gaba," na ce. "Taku huɗu."

Ya yi ɗaya. Takunkumin ya ƙara zamowa, kunnensa ya fito.

"Ku matso da kyamara!" Don Anselmo ya daka tsawa. "Fuskar! Ku kama fuskar!"

Ya yi na biyu. Goshi ya bayyana. Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba ko a gaban mutum dubu goman nan. Na laluba bayana, na damƙo gefen alkyabbar, na watsa ta ƙasa ta rufe shi har kafaɗa. Fitilun 'yan jarida suka walƙa, baƙin ƙyalle kawai suka samu.

"Saura biyu," na ce. "Kaɗan dama. Yauwa. Sake ni."

Ya sauke ni a kan katifa kamar mai ajiye tulu. Na riƙo wuyansa na jawo shi muka faɗi tare, na ja alkyabbar ta lulluɓe mu duka.

A waje darakta yana ta ihu. "Evaristo, janye tsumman nan! Wallahi ka gama fim a garin nan! Ku janye masa!" Na ji takun mutane, sai kuma suka tsaya. Sauran masu fitowa a matsayin masu shan jini a fim ɗin duk 'yan kokawa ne, ashe sun zagaye mu sun juya baya, sun buɗe nasu alkyabbun.

A ciki takunkumin yana kan ƙirjina. Hasken fitilu yana ratsa ƙyallen sarai. Tsoho ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, girarsa duk furfura, babu haƙori a sama. Na tofar da haƙoran roba, na zare igiyar takalmina, na mayar masa da takunkumin, na shiga zura igiyar a kafofinsa.

"Sun gani?" ya ce.

"Ba su gani ba."

Na ci gaba da zurawa har na kai kafa ta ƙarshe. Bai tambayi yadda zare ya tsinke ba, ya san inda hannuna yake.

"Kai fa?"

Na ja igiyar, na ƙulle ta sau biyu.

"Duhu ya yi yawa a nan, tsoho," na ce. "Ban ga komai ba."